Rediyo, manhajar waya ko kallon gabas: da wanne za ka dogara wajen sanin hadari da ambaliya?

Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Yuni babu abin da ke ruɗa mutum a ƙasar Hausa kamar sama. Zafin bazara ya kai maƙura, iskar kudu ta fara kaɗawa da danshi, da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, a kwashe shanya a guje, sai ƙura ta turnuƙe gari hadarin ya watse ko ɗigo babu. Wata rana kuma a kwanta sama fes, cikin dare iska ta yaye kwano, ruwa ya cika tsakar gida. A daidai wannan lokacin ne manomi ke shawarar ya zuba iri ko ya dakata, mai ginin ƙasa ke lissafin yaɓe da gyaran indararo, mazaunin bakin gulbi kuma ke tunanin inda zai kai iyalinsa in ruwa ya zo. Ambaliyar Mokwa a Jihar Neja, wadda ta halaka mutum fiye da 150 bayan ruwan dare ɗaya, ta faru ne ranar 29 ga Mayu, 2025, damina ko zama ba ta yi ba.

Hanyoyin samun labarin yanayi sun yi yawa yanzu, kowa kuma yana yabon tasa. Kafin a jera su, ga mudun da na auna su da shi.

Na farko, kuma mafi girma: wace tambaya hanyar take amsawa? Tambayoyin uku ne, mutane ke cakuɗa su. Akwai ta shekara, wato yaushe damina za ta zauna, yaya yawanta, za a yi fari a tsakiya ko a'a. Akwai ta yau da gobe, ko hadari zai zo garinmu da daren nan. Sai ta kogi, ko ruwa zai cika ya haura gaɓa. Ambaliya ma iri biyu ce. Ɗaya ruwan da ya sauka a kanka ne, ya fi ƙarfin lambatu da kwalbati cikin awa ɗaya ko biyu. Ɗayar ruwan da ya sauka a wata ƙasa ne, ya biyo gulbi kwana da kwanaki, ya same ka rana na haskawa. Bayan wannan sai nisan hangen hanyar, da ko tana magana a kan garinka ko a kan jiha baki ɗaya, da kuɗin da take ci, da sauƙin amfani ga wanda ba ya karanta Turanci ko Faransanci, da juriyarta ranar da babu wuta babu sabis. Na ƙarshe shi ne irin ɓarnar da take jawowa in ta yi kuskure.

Hasashen shekara na hukuma

A Najeriya hukumar NiMet, mai kula da yanayi, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, a Janairu ko Fabrairu, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yawan ruwa, da wuraren da ake tsoron tsaikon ruwa bayan an yi shuka. Ana fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA, mai kula da koguna, tana biyo baya da nata hasashen ambaliya, inda take jera jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin babban haɗari da matsakaici. A Nijar cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ce ke tara masanan ƙasashen Sahel wajen ƙarshen Afrilu su fitar da hasashe ɗaya, hukumar yanayi ta ƙasa kuma ta sauko da shi jiha jiha.

Kyauta ne, kuma takarda ba ta buƙatar caji. Amfaninsa na tsara shekara ne: in an ce damina za ta makara kuma za ta yi gajarta a yankinka, ka nemi irin gero ko wake mai saurin nuna, in ƙaramar hukumarku ta fito a jerin NIHSA, ka san ba shekarar zuba duk jarinka a shinkafar bakin kogi ba ce. Kasadarsa tana wajen mai karatu. Ranar da aka rubuta a matsayin farkon damina kintace ce mai kwanaki gaba da baya, amma wasu kan riƙe ta kamar ranar ɗaurin aure. Haka kuma garin da bai fito a jerin ambaliya ba bai tsira daga ruwan dare ɗaya ba, don wannan lissafin ya fi duba koguna. Matsalarsa ta biyu ita ce isowa: ana ƙaddamar da shi a Abuja da jawabai, sau da yawa sai ka matsa wa malamin gona kafin ka ga shafin da ya shafe ka.

Rediyo da sanarwar kwana uku

NiMet na fitar da hasashen kwanaki uku a kai a kai, gidajen rediyo da talabijin suna karantawa, hukumar NEMA mai ba da agajin gaggawa da takwarorinta na jihohi kuma suna sanar da gargaɗi idan za a saki ruwan dam. A Nijar gidajen rediyon karkara ne ke ɗaukar wannan nauyi. Wajen araha da juriya babu na biyun rediyo: kuɗin batir kawai, ko mai aiki da hasken rana, kuma yana magana da Hausa ko da eriyar waya ta faɗi. Rauninsa shi ne faɗin baki. «Ana sa ran tsawa da ruwan sama a sassan Kano, Katsina, Jigawa da Bauci da yamma» magana ce gaskiya, amma hadari ɗaya kan jiƙa wannan unguwa ya bar ta kusa da ita a bushe. Kuma sai ka kasance kusa da akwatin a lokacin da aka faɗa. Duk da haka, in maganar sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru ce ko na Tiga ko na Goronyo, rediyo ne ya fi kowa saurin kai ta ƙauye.

Manhajar waya

Nan ne zan daɗe, don ita ce aka fi yarda da ita, ita ce kuma aka fi rashin fahimta.

Hoton gajimare da ɗigon ruwa da kake gani a wayarka ba wani ne ya leƙa saman garinku ya zana shi ba. Kwamfutoci ne a Turai da Amurka ke lissafin iskar duniya duka, suna yanka ta gida gida, kowane gida kilomita 9 zuwa 13 a lissafin da ya fi kyau. Manyansu su ne ECMWF na Turai, GFS na Amurka da ICON na Jamus, kuma manhaja irin Windy tana barin ka ka duba kowanne ka kwatanta. Wannan lissafi yana aiki sosai a ƙasashen sanyi, inda ruwa ke zuwa da wata babbar iska mai faɗin ɗaruruwan kilomita da ake hango ta tun kwana biyar. Ruwanmu daban yake. Mafi yawan abin da ke sauka a Sahel daga manyan hadarurruka ne da ke haɗuwa da rana tsaka ko la'asar, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos da duwatsun Ayar na arewacin Nijar, su jeru sahu guda, su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, ƙura da iska a gaba, ruwa a baya. Inda hadarin zai fara tsirowa abu ne ƙarami da ya dogara da danshin ƙasa da zafin wuri, kwamfutar ba ta kama shi daidai. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo da na'urorin radar masu hango hadari a Afirka ta Yamma, waɗanda su ne ke ciyar da lissafin. Shi ya sa hasashen ruwan gobe a gari guda a yankinmu yana cikin mafi rauni a duniya.

Ni kaina na taɓa ɗage aikin daɓen siminti kwana biyu a jere don wata manhaja ta rubuta cewa yiwuwar ruwa kashi 90 ce, sama ba ta ko yi tari ba. Ranar da ta nuna rana tsantsa muka zuba, bayan isha'i ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya ya wanke aikin. Ban daina duba ta ba, na dai gane abin da zan tambaye ta.

Abin da ta iya: zafin rana, alƙiblar iska, da nuna cewa mako mai zuwa danshi zai ƙaru ko zai ja baya. Akwai wata igiyar iska da ke ratsa yankin daga gabas duk kwana 3 zuwa 5, ita ke sa a yi kwanakin ruwa sannan a yi na hutu, kuma manhaja kan hango wannan. In lissafin Turai da na Amurka da na Jamus duk sun nuna ruwa mai yawa a rana ɗaya, ka ɗauki maganar da nauyi. In sun saɓa, kowanne ya kama gabansa, to ba a sani ba ke nan. Abin da ba ta iya ba shi ne ce maka ƙarfe 4 za a fara, milimita kaza za a yi, ko da ta rubuta hakan da lambobi masu kyan gani.

Amma a cikin wayar akwai abin da ya fi hasashen amfani, mutane ba su cika buɗe shi ba: hoton tauraron ɗan'adam. Taurarin Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 10 zuwa 15, kuma Windy da wasu manhajoji suna nuna shi. Wannan gani ne, gani kuwa ya kori ji. Hadari mai ƙarfi yana fitowa kamar dunƙulen auduga fari tas, ko da launin ja a tsakiya inda saman gajimaren ya fi sanyi. Ka kunna hotunan awa biyu da suka wuce, ka ga inda ya dosa, ka auna nisa. Wanda ke kan Dutse yana iya isa Kano cikin kamar awa 2. Wanda ke Damagaram yana buƙatar wajen awa 4 kafin ya kai Maraɗi, in bai mutu a hanya ba. Awa biyu sun isa a rufe buhunan taki, a ɗaure dabbobi, a dawo da yara daga makarantar allo.

Kuɗinta: manhajar kyauta ce, wayar da data da caji su ne tsadar, kuma hoton tauraro yana shan data fiye da rubutu. Juriya ba ta da ita, don lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da sabis ke ɗaukewa.

Ga mazauna bakin manyan koguna akwai shafin Flood Hub na Google, kyauta, mai hasashen cikar kogi har kwana 7 gaba, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da yake yi wa hasashe. Yana da amfani a kan Binuwai da Kwara, inda ruwa ke tafiya sannu. Ƙaramin rafin bayan gari da fashewar dam ba aikinsa ba ne.

Saƙon tes na biya

Akwai kamfanonin da ke turo hasashe kowace safiya ta saƙon tes, ana cire ɗan kuɗi daga katin waya. Sananne a ciki shi ne Ignitia na ƙasar Suwidin, wanda ya sa wa hidimarsa suna «iska», ya fara a Gana sannan ya shiga Najeriya da Mali. Hasashen kwana biyu ne, an gina shi don ruwan ƙasashe masu zafi, kuma ƙaramar waya mai maɓalli ma tana karɓa. Ya dace da mai shirin zuba taki ko feshi, wanda ruwan awa ɗaya zai kwashe masa kuɗin buhu. Sai dai sai ka iya karanta saƙon ko kana da mai karanta maka, ba ya cewa komai a kan kogi, kuma kamar kowane rajista na waya, ka san yadda ake fita tun kafin ka shiga.

Ma'auni a gida, sanda a bakin kogi, da waya zuwa gabas

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ita zan fara ba wa duk wanda ya tambaye ni. Ma'aunin ruwan sama na roba ba shi da tsada, in ma babu, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun wadatar. A kafa shi a fili, nesa da bango da bishiya, a karanta kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar. Milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Masu binciken noma a Sahel suna da ƙa'idar da ta yi daidai da abin da tsofaffi ke kira ruwan shuka: a samu milimita 20 cikin kwana uku, kada kuma a yi tsaikon da ya wuce mako a watan da ke biye. Rabin farko gwangwaninka zai gaya maka, rabi na biyu sai ka koma ga hasashen hukuma. Wajen ambaliya ma ma'aunin yana magana: in ƙasa ta sha ruwa kwana uku a jere, sabon hadari ko matsakaici ne kwarara zai yi. A farkon damina kuma ƙasar ta ƙeƙashe kamar daɓe, lambatu cike da leda da yashi, ruwan farko ba ya samun wurin shiga.

Sandar bakin kogi ita ce ƙanwar ma'auni. A Yamai hukumar kogin Kwara tana da matakai masu launi, ja yana farawa daga santimita 620, kuma a Satumban 2020 ruwan ya kai wajen 700. Kowane ƙauye na iya yin nasa: turke mai ƙarfi, fenti kala uku, jan ya tsaya ƙasa kaɗan da inda ruwa ya kai a shekarar da ya shiga gari. Sarkin ruwa da masunta sun san wurin.

Sai dai sanda tana faɗin abin da ya riga ya iso. Abin da ke tafe yana bakin mutanen da ke sama da kai. Mutumin Auyo ko Haɗeja yana buƙatar lambar wani a Wudil da Ringim, don ruwan Tiga da Challawa ta nan yake bi. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, ya komo ya faɗa Rima, don haka labarin Jibiya labarin Maraɗi ne, kamar yadda aka gani a Yulin 2018 da ruwa ya ci mutum fiye da 40 a Jibiyar. Ga hadari kuwa, ɗan'uwan da ke gabas da kai shi ne radarka. Kuɗin wannan hanya kira ɗaya ne. Kasadarta jita-jita: hoton ambaliyar bara kan dawo WhatsApp a matsayin na yau, saboda haka a tsayar da mutum biyu ko uku da aka san su, a kuma tambaye su abin da suka gani da idonsu.

Alamun gargajiya

Zuwan shamuwa, juyawar iska daga gabas maso arewa zuwa kudu maso yamma, gawo ya fara zubar da ganye, tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, zufa mai nauyi da dare. Waɗannan ba camfi ba ne, shamuwa tana biyo danshin ne daga kudancin Afirka, iskar kuma ita ce ainihin abin da masana ke bibiya. Suna nuna damina ta kusa, ba sa nuna yawanta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma babu tsuntsun da ya gaya wa mutanen Maiduguri cewa madatsar Alau za ta fashe a Satumban 2024. Dabara ɗaya da ba ta kuskure: in ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙoƙi zuwa jin tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, a bar gindin bishiya da fili.

| Hanya | Abin da take amsawa | Nisan hange | Kuɗi | Juriya | Inda take cutarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Hasashen shekara | Tsarin damina, yankunan ambaliya | Watanni | Kyauta | Sosai | Ɗaukar kintace kamar alkawari |
| Rediyo | Yanayin jiha, sakin ruwan dam | Kwana 1 zuwa 3 | Batir | Sosai | Bai ambaci garinka ba |
| Hasashen manhaja | Zafi, iska, makon danshi | Kwanaki | Waya da data | Kaɗan | Lambobin ƙarya a kan ruwa |
| Hoton tauraro | Hadarin da ke tafe | Awa 1 zuwa 4 | Data mai yawa | Kaɗan | Hadarin da ya tsiro a kanka |
| Flood Hub | Cikar manyan koguna | Har kwana 7 | Data | Kaɗan | Rafi da fashewar dam |
| Saƙon tes | Ruwan yau da gobe | Kwana 2 | Ɗan kuɗi kullum | Matsakaici | Ba ruwansa da kogi |
| Ma'auni, sanda, kira | Abin da ya sauka, abin da ke gangarowa | Awoyi zuwa kwanaki | Ƙanƙani | Sosai | Sakaci da jita-jita |
| Alamun gargajiya | Kusantowar damina | Makonni | Babu | Sosai | Ba sa faɗin yawa |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Manomin tudu mai gero da dawa, wanda babban tsoronsa shi ne ya shuka iri ya ƙone, ya nemi hasashen NiMet na ƙaramar hukumarsa ko na hukumar Nijar, ya haɗa da gwangwani a gona. Manhaja ba za ta ƙara masa komai ba. In ya kai lokacin taki da feshi kuma yana da hali, saƙon tes zai iya mayar masa da kuɗinsa.

Mai shinkafa a fadama da duk wanda gidansa ke bakin gulbi, a Haɗeja ne ko Argungu ko Numan, nasa ya fi na kowa nauyi, don haka hanya ɗaya ba ta ishe shi ba: jerin NIHSA tun kafin ya zuba jari, rediyo a kunne daga Yuli zuwa Oktoba, sanda a gaɓa, lambobin mutanen sama a waya. A 2012 da 2022, shekarun da ambaliya ta raba miliyoyi da gidajensu, ruwan Binuwai ya ɗauki kwanaki kafin ya isa Makurɗi da Lakwaja. Wanda ya ji da wuri kuma ya riga ya san tudun da zai nufa ya fita da hatsinsa. In akwai matashi mai babbar waya a gidan, a ɗora masa duba Flood Hub.

Mazaunin birni a unguwar kwari, ko mai ginin ƙasa, abokin gabarsa ruwan dare ɗaya ne, kuma babu hasashen da zai ba shi fiye da 'yan awoyi. Hoton tauraro da magariba shi ne nasa, tare da sanarwar rediyo, sauran kuma aikin shebur ne a lambatu kafin Mayu ya ƙare.

Direban dogon zango, magini, mai shanyar hatsi ko barkono, da mai shirya taro a fili: su duba manhaja don zaɓen mako, su duba tauraro don zaɓen awa. Makiyayi da wanda ke inda sabis ba ya kaiwa kuwa, ƙaramin rediyo mai cajin rana a rataye, da ido a gabas daga azahar, kuma kada dare ya same shi da garke a cikin busasshen rafi ko da sama tana fes a inda yake.